Ƙwayar da Tafinta Ya Wanke

Duk wanda ya san kotun garin a zamanin da ake sauraron shari'a da natsuwa ya san Tafinta. Shekarun aikinsa a tsaye ya yi su, tsakanin alƙali da masu ƙara, yana karɓar magana daga wannan baki yana miƙa ta ga wancan kunne, kuma abin alfaharinsa shi ne ba a taɓa ɗaukaka ƙara saboda kuskuren harshensa ba. Shi ya yi ritaya, sunan kuwa ya ƙi yi. Har mai ɗakinsa, wadda ke kiransa Malam a ranakun zaman lafiya, idan ya ɓata mata rai Tafinta take ce masa.

Aƙidarsa biyu ce. Ta farko, duk maganar da ba ta shiga Hausa ba, ba a gama fahimtarta ba. Ta biyu, babu abin da zai faru yau wanda ba a taɓa yin irinsa a gaban wani alƙali ba.

Wata rana da yamma Auta ta shigo gidan. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, likitar bincike a wata cibiya da ke bayan babban asibiti, kuma ita kaɗai ta rage masa a garin, domin yayyenta duk aiki ya watsa su nesa. Kullum idan ta taso sai ta biyo, ita da 'yar ƙaramar 'yarta, su sha shayi su wuce. Takun takalminta a ƙofa shi ne agogon yammacinsa. Ran nan kuwa ita kaɗai ta zo, kuma shayin ya huce a gabanta ba ta taɓa shi ba.

"Baba, aikinmu yana neman tashi daga garin nan."

Ta yi masa bayani. Rigakafin korona da suke haɗawa ya wuce gwaji a jikin matasa lami lafiya. Yanzu ana buƙatar dattawa su shiga gwajin, su kuwa dattawa sun ƙi leƙowa. Idan wata ya ƙare ba a same su ba, za a kwashe aikin a mayar babbar cibiya a ƙetare, ita ma ta bi shi, da mijinta da yarinyar.

Tafinta ya gyara zama, ya cire tabarau ya goge, domin ba ya son a ga abin da ke idonsa.

"Yi mini bayanin abin kamar ni ne alƙali. Ban da Turanci."

"Ka san korona tana da ƙayoyi a jikinta kamar bushiya. Da ƙayar take buɗe ƙofa ta shiga. Idan jiki ya ga ƙayar tun da wuri ya gane ta, ranar da cutar ta zo za ta tarar da masu gadi a farke. Matsalar ita ce ƙayar ita kaɗai ba ta da kwarjini. Ka sa ta a jiki, jiki ya dube ta ya kau da kai. Sai an samu wanda zai ɗauke ta ya kai ta, irin wanda in ya yi sallama kowa zai miƙe."

"Wane ne wannan mai kwarjinin?"

"Akwai wasu ƙwayoyin cuta da, suna cikin girma, fatarsu take fitar da 'yan ƙananan kumfa, kamar tukunya tana tafasa. Kumfar ba ta da rai, ba ta haihuwa, ba ta yaɗuwa. Amma rigar uwarta ce a jikinta, don haka jiki na ganinta yake zabura. Mu kuma muna kiwon ƙwayoyin a cikin kwalabe, mu tace kumfar, mu maƙala mata ƙayar korona, mu fesa a hanci, tunda ta nan ɓarawon yake shigowa."

"Ba allura?"

"Ba allura, Baba."

Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai, ko da yake bai taɓa yarda a gaban kowa cewa yana tsoron allura ba. Sai dai kalma ɗaya ta tsaya masa a wuya.

"Kin ce ƙwayoyin cuta. Cuta za ki fesa wa mutane?"

"A'a. Namu an rage musu dafi tun daga tushe. Kuma ba su ake fesawa ba, kumfarsu ce."

"To, ki daina ce musu na cuta. A shari'ar wani mai awon hatsi, da kunnena na ji alƙali ya tsawata wa lauya saboda ya ci gaba da kiran mutum ɓarawo bayan an wanke shi. Wanda aka wanke an wanke shi. Ƙwaya ce kawai."

Auta ta gaji, sai ta yi murmushi ta bar shi da nasararsa. Da ya ce ta bar masa maganar dattawa, majalisar ƙofar shagon Tela a tafin hannunsa take, abin da ta roƙa ɗaya ne: "Gayyata kawai, Baba. Kada ka matsa wa kowa. Su zo su ji, mai so ya shiga."

Majalisar dogon benci ce a inuwar rumfar shagon. Tela yana ciki yana taka keke, kunnensa a waje. Saje, tsohon ɗan sanda, yana zama a ƙarshen benci inda zai ga titi gabas da yamma. Mai Aski yana leƙowa daga shagonsa na kusa duk sa'ad da kujerarsa ta zama wofi, kuma duk abin da ya ji kafin azahar, kafin magariba ya isa ƙarshen unguwa. Akwai wasu dattawan da ke zuwa su tafi, amma waɗannan su ne ginshiƙai.

Tafinta ya shirya jawabinsa da kyau. Ya yanke shawarar ba zai ambaci kalmar rigakafi ba, domin a kanta ne Tela da Mai Aski suka daɗe ba sa ga maciji a zamanin annoba, kuma gogaggen tafinta ba ya buɗe zama da kalmar da za ta tashi kotu. Wannan kalma Auta za ta faɗe ta da bakinta. Shi nasa share fage.

Ya yi gyaran murya.

"Dattawa, kun daɗe kuna tambayata aikin da Auta take yi a bayan asibiti. Yau zan faɗa muku da Hausa tsantsa. Kiwon ƙwaya take yi."

Keken Tela ya rage gudu.

"Ta kiwata, ta tace, ta fitar da mai kyaun. Amma wannan duk ƙaramin aiki ne. Babban aikin shi ne safara, wato yadda kayan za su isa inda ake so ba tare da sun lalace a hanya ba. A nan ne ta yi fice."

Saje ya juyo da dukan jikinsa. "Haɗiya ake yi?"

"Ta hanci. Shaƙa ɗaya, jiki ya farka. Matasa sun gwada sun yaba. Yanzu dattawa take nema, kuma kyauta ne."

"Hukuma ta sani?"

"Haba Saje. Ai da hannun manya a ciki. Har daga ƙetare ake yi mata aike."

Keken Tela ya tsaya cak. Mai Aski, wanda ya leƙo da almakashi a hannu, ya koma ciki a hankali. Babu wanda ya ce uffan. Tafinta ya san irin wannan shiru. Shi ne shirun da ke sauka a kotu bayan an karanta hukunci mai kyau. Ya miƙe ya yi sallama, ya taka zuwa gida kamar wanda aka yi wa ƙarin girma.

A kwanakin da suka biyo baya ya lura mutane sun ƙara girmama shi. Wani mai shago ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, "Allah ya shirya mana zuri'a, Malam." Ya amsa da amin, cike da jin daɗi. Wata maƙwabciya ta gaishe shi har ƙasa, ta ce haƙuri shi ne maganin zaman duniya, ya ce lallai kuwa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne wayar Auta. Ta ce dattijo ko ɗaya bai zo ba, sai wasu samari masu jajayen idanu da suka tsaya a bakin ƙofa suna tambayar mai gadi ko gaskiya ne na farko kyauta ake bayarwa. Ta ce kuma ta fara tara kwalayen haɗa kaya.

Rannan mai ɗakinsa ta dawo daga kasuwa, ta dire kwando a tsakar gida, ba ta ko cire mayafi ba.

"Tafinta."

Ya ajiye jarida. Ya san sunan, ya san kuma abin da ke biye da shi.

"Mai kayan miya ta ƙara mini albasa, wai Allah ya ba ni juriya. Me ka je ka ce 'yata tana yi?"

Ya maimaita mata jawabin, har da inda ya yi gyaran murya.

"Sake faɗa," in ji ta. "A hankali. Ka ɗauka wani ne a tsaye gaban alƙali yake faɗa, kai kana fassarawa."

"Kiwon ƙwaya take yi. Ta tace. Babban aikin shi ne safa—"

Maganar ta maƙale. Mutumin da ya fassara shari'ar masu safarar ƙwaya fiye da yadda zai iya tunawa ya zauna baki buɗe, yana jin kalmominsa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya sanye da ankwa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Bayan wani lokaci ya ce, "Ta fuskar nahawu babu kuskure."

"To, idan Auta ta tafi, sai nahawu ya riƙa biyowa da yamma yana shan shayi da kai."

Ya ɗauki hula. Ƙa'idar tsohuwa ce, tun kafin a haife shi: tafintan da ya yi kuskure a gaban kotu, a gaban wannan kotun yake gyarawa, ba a bayan gida ba.

Ya samu majalisa a cike. Bai zauna ba. A tsaye ya yi bayani, ya mayar wa ƙwaya cutarta, ya fito da kalmar rigakafi daga inda ya ɓoye ta, ya ambaci kumfa da ƙaya da masu gadi. Tela ya sauke ajiyar zuciya har zaren bakin allurarsa ya motsa. Saje kuwa ya girgiza kai.

"Malam, ba don na raina ka ba. Amma duk wanda na taɓa kamawa da ƙulli a aljihu, magani ne ya ce."

"Ka kira 'yata mai laifi?"

"Ni ban kira ta ba. Ubanta ne ya ba da shaida."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi ana kallon ƙasa. Tafinta ya haɗiye ta. Ya ce an taɓa yin haka a rikicin iyakar wasu gonaki, shaidu suka yi ta saɓa wa juna, sai alƙali ya ce kotu ta tashi ta je ta gani da idonta. Gani ya kori ji. Saje, wanda rabonsa da binciken gida tun yana cikin kaki, ya amince tun kafin a rufe baki.

Washegari da hantsi suka isa cibiyar, kowa cikin tufafinsa na fita. Auta ta tarbe su a farar riga. Mahaifinta ya riga ya gaya mata komai ta waya, kuma ta yi dariya har sai da ta nemi kujera, amma a gaban dattawa ta daure, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da ladabi. Aka ba su ledoji shuɗɗa su sa a kan takalma. Tela ya juya tasa ya duba ɗinkin ya ce aikin gaggawa ne.

Ta kai su wani dogon lungu mai bangon gilashi. A ciki, kwalabe masu faɗin gindi suna rawa a kan wani faranti da ke girgiza kansa, kowacce da ruwa mai duhu-duhu, bakinta a toshe. Can gefe wani inji mai kama da injin wanki yana gurnani a hankali. Firji a jere, kowanne da lamba mai haske a goshinsa. Ma'aikata biyu cikin safar hannu suna aiki ba su ko ɗago ba.

Saje ya manna hanci a gilashi. "Waɗannan su ne kayan?"

"Su ne masu haifar da kayan, Baba Saje. Wancan injin yana juya ruwan da ƙarfi, ƙwayoyin su kwanta a ƙasa, kumfar ta rage a sama. Sai mu tace, mu sake tacewa, har mu tabbatar babu mai rai ko ɗaya da ya tsallake."

"Ina kumfar? Ban ga kumfa ba," in ji Mai Aski. "Ni kumfa sana'ata ce."

"Taka ai ƙatuwa ce, Baba. Wannan, dubunta ba su kai kaurin gashin da kake sharewa ba."

Ta nuna musu hotonta a allon kwamfuta, wasu 'yan dunƙule-dunƙule masu toka-toka, kowanne da ƙayoyi a bayansa. Ta sake bayanin da ta yi wa mahaifinta. Saje ya saurara yana murza gemu, kamar mai jiran inda labari zai karye.

"Tsaya," ya ce. "Ƙayar nan ba ɓarawon ba ce."

"Ba shi ba ne."

"Kamanninsa ne."

"Haka ne."

"Wato hoton ɓarawo kuke rabawa ofis-ofis. Shi kuma mai kai hoton kun sa masa kayan 'yan fashi, don kada na bakin ƙofa ya karɓa yana gyangyaɗi." Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Da mun san wannan dabarar a zamaninmu."

Tafinta ya so ya ce shi ma kusan haka ya faɗa, amma ya tuna yadda ya faɗa, sai ya kama bakinsa.

Auta ta zaunar da su a wani ɗaki mai kujerun roba, ta gaya musu sauran ba tare da ado ba. Gwaji ne, ba a tabbatar ba tukuna ko zai yi wa dattawa aikin da ake fata, shi ya sa ake nemansu. Mutum zai iya yin mura ko ciwon kai na ɗan lokaci. Wasu ruwan gishiri kawai za a fesa musu, kuma ita kanta ba za ta san ko su wane ne ba. Za a fara duba lafiyar kowa, za a riƙa kiransu ana dubawa, kuma duk wanda ya ga dama ya janye, babu mai riƙe masa riga.

Mai Aski ya ce shi hancinsa tun zamanin annoba suke shari'a da shi, sai ya yi shawara. Auta ta ce hakan daidai ne, ta gode masa da ya zo.

Sai Tafinta ya miƙe. Ya daɗe yana jiran wannan lokaci. Wanda ya ɓata shi ya kamata ya fara gyarawa, kuma yana so a gani. Ya taka zuwa gaban ɗakin, ya cire tabarau, ya ɗaga hanci sama da dukan mutuncinsa.

"A fara da ni."

"Baba," in ji Auta a hankali, "kai ba ka ciki."

"Shekaruna ba su kai ba?"

"Sun kai har sun yi rara. Doka ce: iyalin masu aikin ba sa shiga gwajin."

Ya tsaya da hanci a sama, ya rasa ta inda zai sauke shi. Ya laluba cikin shari'o'in da ya sani ko zai samu mafita, sai ya ci karo da wadda ta fi kowacce tsufa, cewa alƙali ba ya sauraron ƙarar ɗansa. Ya mayar da tabarau.

"Doka ce mai kyau," ya ce.

Saje ya dubi Tela. "Ka gani ko? Haka suke duk. Dillali ba ya shan kayansa."

Dariyar da aka yi sai da ta sa ma'aikatan bayan gilashi suka ɗago. Tela ya share hawaye da gefen hula, ya ce a rubuta shi, ko don ya ga ƙarshen wannan shari'a. Saje ya ce shi a rubuta shi ne don bincike bai ƙare ba, sai ya bi kayan har inda suke zuwa.

Abin da ya biyo baya bakin Mai Aski ne ya yi shi. Shi bai shiga ba, amma duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya tashi da labarin hoton ɓarawo da hancin Tafinta a sama, kuma da yake wannan labari ya fi na farko daɗi, ya fi shi gudu. Saje ya kai maganar zuwa taron tsofaffin 'yan sanda. Wasu sun zo sun ji sun koma, wasu likita ya ce lafiyarsu ba ta yarda ba, wasu suka zauna. Kafin wata ya ƙare Auta ta kira ta ce adadi ya cika, kwalayen kuma ta ba maƙwabciyarta mai ƙaura.

Sunan da ritaya ta kasa cirewa, ranar nan guda ta cire shi. Daga majalisa har bakin kasuwa, Dillali ake ce masa. Ya yi ƙorafi a tsaye gaban benci, ya kawo hujjar mai awon hatsi, cewa wanda aka wanke an wanke shi. Saje ya ce ai wannan hujjar ce ta kai su inda suke.

Da yamma yana zaune a tsakar gida, mai ɗakinsa ta ajiye tire a gabansa, kofi huɗu.

"Dillali, ga shayi."

"Zan ɗaukaka ƙara."

"Kotu ta tashi," in ji ta. "Matsa mini in zauna."

Ya buɗe baki zai kawo wata shari'ar, sai ya ji takun takalmi a ƙofa, da wani ƙaramin taku da ya riga shi da gudu. Ya fasa, ya jawo kofuna ya fara zubawa.